Rumfar Haya Ba Ta Zama Rumbu

 

A wannan karo za mu tsaya ne a kan wani kuka da ya daɗe yana yawo a Zangon Kumasi. Duk mai zama a majalisun bayan Isha'i a Aboabo, ko Asawase, ko Sabon Zango, ko Akwatia Line, ya taɓa jin sa. Wani zai ce hoton walimar da aka ɗora a YouTube domin 'yan uwa na nesa ya wayi gari babu sauti. Wani zai ce tashar da yake sauraren karatu a cikinta ta ɓace ɗungurungum, babu ko sallama. Uwa kuma za ta ce ta buɗe wa yara karatun malam, sai ga tallar da ba ta dace da idonsu ba ta riga malam fitowa. Kowa na tambaya: me muka yi wa mutanen nan?

Mun ga ya dace mu zauna mu warware zaren, domin mu san inda aka ƙware mu, mu san inda mu ne muka ƙwari wasu, sa'an nan mu san abin da ya rage a hannunmu.

Yadda muka shiga rumfar

Mu da muka riski ƙarshen zamanin kaset mun san yadda abin yake. Idan azumi ya kama, akan ajiye rikoda a gaban mai tafsiri, yaro guda na tsaye yana jiran ya juya kaset idan gefe ɗaya ya cika. Bayan salla sai a nemi matafiyi mai zuwa Lome, ko Abidjan, ko Yamai, ko Hamburg, ko Bronx ta Amurka, a damƙa masa ƙunshin kaset ya kai wa ɗan uwa. Saƙon yakan yi makonni a hanya, amma wanda ya karɓa ya mallake shi, babu mai shiga ɗakinsa ya ƙwace.

A shekarar 2005 wasu samari uku a Amurka, Chad Hurley da Steve Chen da Jawed Karim, suka kafa YouTube. A 2006 kamfanin Google ya saye shi a kan dala biliyan 1.65, a 2012 kuma aka buɗe wa Gana nata sashe. Da wayoyin hannu masu intanet suka yawaita, sai wahalar neman matafiyi ta ƙare. Abin da aka ɗauka a Aboabo da la'asar, ana kallonsa a Jamus kafin magariba, kuma ba a ce ka biya ko sisi na ajiya ba. Wannan alheri ne babba, kuma rashin adalci ne mu musanta shi. Sai dai daɗin abin ya sa muka manta da tambaya guda: wurin nan na wane ne?

Sauye-sauyen da ba a shawarce mu ba

Tun farko mai wurin yana sauya tsari yadda ya ga dama. A 2006 ya ƙayyade tsawon bidiyo ga minti 10, domin rage masu ɗora shirye-shiryen talabijin na mutane, shi ya sa tsofaffin karatuttuka suke yanke-yanke, kashi na ɗaya, kashi na biyu, har zuwa na goma. Sai a 2010 aka sassauta. A ƙarshen 2013 aka tilasta wa duk mai son yin sharhi ya buɗe rajista da Google+, abin da ya fusata jama'a ƙwarai, har daga baya kamfanin ya janye.

A watan Janairu na 2018 aka sanar cewa ba za a raba kuɗin talla da mai tasha ba sai yana da mabiya 1,000, kuma an kalli bidiyoyinsa na tsawon sa'o'i 4,000 cikin wata 12. Ku auna: karatun sa'a guda sai an saurare shi daga farko zuwa ƙarshe sau 4,000. Ƙananan tashoshi masu yawa a duniya suka fita daga rabo a lokacin. Bayan haka, a Nuwamban 2020 a Amurka, da tsakiyar 2021 a sauran ƙasashe, sharuɗɗan suka ba kamfanin damar sa talla a kan bidiyon wanda ba ya cikin rabon, ba tare da an ba shi komai ba. Wannan shi ne amsar tambayar uwar nan: sau da yawa mai tashar bai nemi tallar ba, bai zaɓe ta ba, bai kuma ci ko kwabo a cikinta ba.

Akwai wani sauyi da ya fi shafar masu harsuna irin namu, ko da yake kaɗan ne suka lura da shi. A da, mai tasha yana iya buɗe ƙofa ga masu kallo su rubuta fassarar da ke fitowa a ƙasan hoto. Wato ɗalibi a Lome yana iya sa wa karatun Hausa rubutun Faransanci saboda Allah, domin yaran da suka tashi ba su ƙware a Hausa ba. A watan Satumba na 2020 aka rufe wannan ƙofa, bisa hujjar cewa masu amfani da ita kaɗan ne kuma ana cusa shirme ta cikinta. Kurame da masu ƙananan harsuna sun yi kuka, amma hukunci ya riga ya zartu. A Nuwamban 2021 kuma aka ɓoye adadin waɗanda suka danna alamar rashin gamsuwa da bidiyo. Da wannan adadi ne mai kallo kan gane mai tallar maganin ƙarya ko mai koyar da gyaran waya na bogi tun kafin ya ƙona datarsa. Har Jawed Karim, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa dandalin, ya fito ya soki matakin, amma shi ma bai sauya komai ba.

Na'ura mai kunne, marar hankali

Babban kukan dai shi ne na haƙƙin mallaka, kuma yana da asali. A watan Maris na 2007 kamfanin Viacom na Amurka ya maka YouTube a kotu yana neman diyyar dala biliyan 1, saboda shirye-shiryensa da mutane suka ɗora ba da izini ba. Ba a rufe wannan shari'a ba sai a 2014, ta hanyar sulhu. A shekarar 2007 ɗin ne dandalin ya soma amfani da na'urar da aka sani da Content ID.

Ga yadda take aiki. Manyan kamfanonin waƙa da na fim sukan miƙa wa dandalin kwafin kayansu. Na'urar ta ɗauki shaidar kowane sauti da hoto, kamar yadda ake ɗaukar zanen yatsa. Duk bidiyon da aka ɗora sai ta gwada shi da abin da ke taskarta. Idan ta ji kama, wanda ya yi rajistar kayan yana da zaɓi uku: ya toshe bidiyon, ko ya sa talla ya kwashe kuɗin, ko ya bar shi yana lura da yawan masu kallo. To, a ce ana ɗaukar hoton ɗaurin aure, sai ga waƙa na tashi daga lasifikar maƙwabci ko ta mai kiɗan biki. Na'urar ba ta san ango ba, ba ta san amarya ba, waƙar kaɗai ta ji.

Kuma tana kuskure. A farkon 2018 wani mai nazarin kiɗa a Ostireliya ya bayyana cewa bidiyonsa na sa'o'i 10, wanda babu komai a cikinsa sai shuuu irin na rediyon da ya rasa tasha, an yi da'awar mallakarsa har sau biyar. Rahoton da kamfanin da kansa ya fitar ya nuna cewa a watanni shida na farkon 2021 an yi irin wannan da'awa sama da miliyan 700, kusan dukkansu na'ura ce ta yi su. Waɗanda aka ƙalubalanta ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, amma a cikin waɗanda aka ƙalubalanta, kimanin kashi 60 cikin 100 mai ɗora bidiyon ne ya yi nasara. Abin lura a nan shi ne, mai gaskiya da yawa yakan yi shiru, ko don tsoro ko don rashin sanin hanya.

Akwai kuma macuta. A jihar Arizona ta Amurka, kotu ta ɗaure wasu mutum biyu masu kamfanin MediaMuv, waɗanda daga 2017 zuwa 2021 suka yi da'awar waƙoƙi dubbai da ba nasu ba, suka kwashi sama da dala miliyan 20. Idan haka ta faru da mawaƙan da ke da kamfanoni a bayansu, ina ga masu begenmu da marokanmu da mawaƙan gargajiya, waɗanda yawancinsu ba su taɓa sa hannu a takarda ba? A irin wannan tsari, wanda ya riga kai kaya taska shi na'ura ke ɗauka mai kaya, har sai an zo da hujja.

Wajibi ne kuma mu bambance abu biyu. Da'awar na'ura ba ta rufe tasha. Abin da ke rufe ta shi ne ƙorafin da mai haƙƙi ya shigar da kansa yana neman a sauke bidiyo, bisa wata dokar Amurka ta 1998. Kowane irin wannan ƙorafi da aka karɓa gargaɗi ne a kan mai tasha, yakan kuma goge bayan kwana 90. Idan uku suka haɗu, tashar na iya tafiya da duk abin da ke cikinta, har da wanda babu mai jayayya a kansa. Ta haka ne karatun shekara goma kan salwanta saboda fina-finai uku da wani yaro ya cusa a tashar domin jawo 'yan kallo.

Laifi tudu ne

Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kafin mu gama zargin na'ura, mu dubi namu. Mun taso a cikin al'adar kwafi. Daga kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano har zuwa shagunan kaset na Zango, fim ɗin Hausa kan fito yau, gobe a ga na jabu a rabin kuɗi, kuma wannan na cikin abubuwan da suka karya kasuwar faifai. Shi ya sa masu shirya fina-finai suka koma ga shirye-shirye masu dogon zango a YouTube, irin su Izzar So da Labarina, waɗanda suka soma fitowa a 2020. Abincinsu yanzu yana cikin yawan masu kallo a tasharsu. Wanda ya sauke shirin ya sake ɗora shi a tasa tashar, ya raba su da ladan guminsu ne, ko da bai sa hannu a aljihunsu ba.

Haka muke yi wa malamai. A yanko minti biyu daga karatun sa'a biyu, a cire sunan mai magana da ranar da ya yi ta da tambayar da yake amsawa, a liƙa kanu mai tayar da hankali, a saki. Fitinu nawa suka tashi tsakanin almajirai saboda irin wannan yanke? Wannan ya wuce tauye haƙƙin dukiya, ya kai ga ɗora wa mutum abin da bai nufa ba.

Wasu sukan ce haƙƙin mallaka dokar Turawa ce. Amma Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a watan Disamba na 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ta kare, bai halatta a keta su ba. Dokar ƙasarmu ma, wato Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2005 mai lamba 690, ta kare aikin mutum tsawon rayuwarsa da ƙarin shekara 70 bayan rasuwarsa, abin da ke nufin magadansa na da haƙƙi a kai. Dokar ta kuma ɗora amanar kayan gargajiya da ba a san mai su ba a wuyan Shugaban Ƙasa a madadin al'umma. Malamin da ya ce a yaɗa karatunsa saboda Allah, ya yi kyauta da abin da yake nasa, Allah Ya saka masa. Wanda bai ce ba, a tambaye shi.

Darasin Kejetia da na akwatin takardu

Iyayenmu mata masu sana'a a Kejetia da babbar kasuwar Kumasi sun fi mu fahimtar wannan batu. Tun da aka soma sabon ginin Kejetia a 2015, sun ga yadda akan ta da mai rumfa daga inda ya shekara ashirin, a nuna masa wani wuri. Mai hankali a cikinsu ba ta taɓa tara dukan jarinta a rumfa ba. Rumfa wurin baje kaya ce, domin nan masu saye suke. Ajiya kuwa a gida take.

YouTube rumfa ce, rumfar haya, kuma da lokacinmu da idanunmu muke biyan hayar. Sharuɗɗan da muke danna amincewa da su ba tare da karantawa ba sun bar mana mallakar abin da muka ɗora, amma sun ba kamfanin izinin amfani da shi, sun kuma fayyace cewa ba dole ba ne a kansa ya ci gaba da ajiye shi ko nuna shi. Ba shi kaɗai ba ne. A 2017 aka rufe dandalin gajerun bidiyo na Vine. A 2019 dandalin MySpace ya amsa cewa waƙoƙin da mutane suka ɗora cikin kimanin shekara 12, waɗanda aka ƙiyasta sun kai miliyan 50, sun salwanta wajen sauya na'urorin ajiya. Kayan aro ba ya rufe katara.

Kakanninmu na wannan ƙasa sun san wata hanya. Alhaji Umaru, haifaffen Kano da ya zauna a Salaga, ya kuma rasu a Kete Krachi a 1934, bai bar rubuce-rubucensa a ɗaki guda ba. Almajiransa sun kwafe su da hannu, suka bazu da su zanguna daban-daban, kuma al'adar masu kwafi ce su ambaci mai littafi, su ambaci kansu a ƙarshen takarda. Shi ya sa a shekarun 1960, da masu bincike na Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon suka zagaya gidajen malamai suna aron takardu suna ɗaukar hotonsu suna mayarwa, suka samu ɗaruruwan rubuce-rubucen Larabci da na Ajami da rai. Abu biyu ne suka tsare wannan ilimi: yawan kwafi a hannuwa daban-daban, da kiyaye sunan mai shi.

Mu kanmu mun ɗanɗani ɗacin sakaci. A gidanmu akwai akwatin ƙarfe da aka tara kasakasan tafsirin mahaifinmu na shekaru. Kullum muna cewa za mu mayar da su cikin kwamfuta idan an samu sarari. Ranar da muka buɗe, damina da raɓar Kumasi sun riga mu: zaren wasu ya manne, wasu sun yi fumfuna, kaɗan ne suka yi magana. Babu kamfanin da ya yi mana wannan, mu ne muka yi wa kanmu.

Abin da ya rage a hannunmu

Saboda haka ga shawarwarinmu ga iyalai, da kwamitocin masallatai, da makarantun Islamiyya.

Na farko, kada a goge asalin bidiyo daga waya ko kyamara don an ɗora shi. Abin da ke dandalin an matse shi, bai kai na asali kyau ba. A ajiye kwafi aƙalla biyu a na'urorin ajiya daban, ɗaya a gida, ɗaya a hannun wani ɗan uwa a wata unguwa ko wani gari, a riƙa duba su lokaci-lokaci. Wanda ya riga ya goge nasa, yana iya sauko da duk abin da ya ɗora ta hanyar Google Takeout, tun tashar tana raye.

Na biyu, a rubuta a jikin kowane karatu sunan malami, da wuri, da kwanan wata, da littafin da ake karantawa. Mai ɗauka ya faɗe su da baki a farkon ɗauka, domin ko an sauya sunan fayil, shaidar tana ciki.

Na uku, tashar masallaci ko ta makaranta kada ta rataya a wuyan yaro guda da lambar wayarsa. A sa amintattu biyu ko uku su san mabuɗinta, kuma kada a gauraya karatu da fim ko waƙar wani.

Na huɗu, a nemi izinin malami ko magadansa a rubuce, ko da layi uku ne da sa hannu da shaidu. Ranar jayayya wannan 'yar takarda ita ce hujja.

Na biyar, mai ɗaukar hoton biki ya kula da abin da ke tashi a lasifika. Tun 2021 dandalin yana duba bidiyo ya sanar da mai shi idan akwai da'awa kafin ya sake shi, akwai kuma hanyar yanke wurin da ake jayayya a kansa ko kashe sautinsa. Hoton iyali kuwa, musamman mai mata da yara, ba dole ne duniya ta gani ba. Ana iya ɓoye shi sai ga wanda aka aika wa.

Na shida, idan kana da gaskiya kada ka yi shiru. Akwai hanyar ƙalubalantar da'awa, kuma mai da'awar yana da kwana 30 ya amsa, idan bai amsa ba ta faɗi. Amma idan ka san kayan ba naka ba ne, kada ka yi gardama, domin tana iya jawo maka gargaɗin da ke kai ga rufe tasha.

Ba muna cewa a ƙaurace wa dandalin ba ne. Nan jama'a take, nan 'ya'yanmu suke, kuma barin wurin ga masu shirme ba dabara ba ce. Kukanmu ma yana kan hanya, domin tsarin da ke sauraren babban kamfani cikin daƙiƙa, ya bar talaka yana jiran wata guda, bai cika adalci ba. Sai dai mai rumfa a Kalifoniya ba zai sauya tsarinsa don majalisar Aboabo ta yi fushi ba. Abin da ke hannunmu shi ne muryoyin iyayenmu da malamanmu, waɗanda idan suka tafi ba za a sake ɗaukar su ba. Duk mai akwatin kaset a ƙarƙashin gado, muna roƙonsa ya buɗe shi cikin wannan mako, kada ya jira kamar yadda muka jira.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya jiƙan magabatanmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.